Ɗaukar Hoto Ranar Hawan Salla

Salla ta ƙarato, maɗinka sun daina barci, masu dawaki sun ƙara wa dabbobinsu hatsi da kanwa, an fiddo sirdi da linzami ana gyara. Shi ya sa na ga ya dace a wannan fitowa mu tattauna a kan wani aiki da kusan kowane gida yake yi ranar hawa, amma kaɗan ne suke komawa da abin kirki a hannu, wato ɗaukar hoto.

Zan fara da abin da ya same ni, don kada a ce ina ba da maganin ciwon da ban taɓa yi ba. A zamanin da ake sa fim cikin kamara, na taɓa aron wata ƴar ƙarama daga wurin abokina, na sayi fim mai cin hoto 36. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin mahayan wani hakimi, kuma ya daɗe yana cewa yana so ya ga kansa bisa doki. Na kama wuri tun da hantsi. Da tawagar farko ta ɓullo sai ɗoki ya ɗebe ni, na shiga latsawa ba ji ba gani, kowane doki ya zo sai in ga kamar ya fi wanda ya wuce. Can sai ga kawu bisa kilinsa, ya sha rawani, takobi rataye. Na latsa, maɓalli ya ƙi motsi. Fim ya ƙare. Shi kuwa ya hango ni, ya ja linzami, ya gyara zama yana jira. Don kunya na ɗaga kamarar na yi kamar na ɗauka. Da aka wanko hotunan, rabinsu ƙeyar mutane ce da wutsiyar dawaki, sauran kuma fuskoki ne baƙi ƙirin a ƙarƙashin fararen rawuna. Na ce wa kawu nasa ya ƙone. Ya ce ba komi, baɗi ma Salla ce. Bai sake hawa ba. Ciwon ƙafa ya zaunar da shi, bayan shekara biyu Allah ya yi masa rasuwa, kuma har yau ƴaƴansa ba su da hotonsa bisa doki ko guda.

Yanzu salula ta maye gurbin waccan kamara, babu fim ɗin da zai ƙare. Amma batir yana mutuwa, ma'ajiyar waya tana cika, kuma cutar da ta kama ni tana nan ba ta warke ba: mutum ya ɗauki komi, ya tashi ba shi da komi. Don haka tun kafin ka fita daga gida ka tambayi kanka, wa na je ɗauka? Idan ɗanka ne zai yi hawan farko, ko mahaifinka, ko maigidanki, to shi ne aikin ranar, sauran duk ƙari ne. Ka tambaye shi tawagar da yake ciki, da wadda take gabansu, da gefen hanyar da zai bi, ka kuma gaya masa inda za ka tsaya. Mahayin da ya san inda kake zai juyo da fuskarsa da kansa, ba sai ka yi ta kwarara masa kira cikin ƙarar kakaki ba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar jajibiri ka cika batir, ka kwashe tsofaffin bidiyoyin da suka cika wayar, ka goge idon kamara da tsumma mai taushi. Wannan na ƙarshe ana raina shi, alhali yawancin hotunan da suke fitowa kamar an ɗauke su cikin hazo, maiƙon yatsa ne kawai ya shafi gilashin. Sa'an nan ka fita ƙofar gida ka gwada hannunka a kan masu kabu-kabu da ke wucewa. Wanda ya iya kama babur yana tafe, doki ba zai ba shi wuya ba.

Kowane gari da tsarin hawansa, kuma sanin tsarin ya fi tsadar waya amfani. A Damagaram hankalin jama'a yana komawa ne filin ƙofar fada, a Birni. Maraɗi da Tibiri da Doso kowa da nasa sarki da hanyar da yake bi daga masallacin idi, haka Garwa da Marwa a arewacin Kamaru, inda mahayan lamido suke sukuwa. A Kano hawan kwanaki ne: ranar idi a yi Hawan Salla, kashegari da la'asar a yi Hawan Daushe, wanda ake rufewa da jahi a Ƙofar Kudu, rana ta uku a yi Hawan Nasarawa. Hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, amma a shekarun 2024 da 2025 an dakatar da shi fiye da sau ɗaya, saboda haka wanda zai ƙetara iyaka domin kallo ya fara tambaya kafin ya biya kuɗin mota. A garinku ma ka tambayi dattawan unguwa ko wani dogari: ta ina ake fitowa, a ina ake tsayawa, wa yake gaba, wa yake baya? A wurare da yawa sarki yana can wajen ƙarshe, ƙarƙashin laima, dogarai da ƴan lifida sun kewaye shi. Wanda ya ƙarar da batir a kan tawagogin farko, laima za ta wuce shi waya a mace.

Yanzu mu zo ga rana, domin ita ce take yin hoto, kamara karɓa kawai take yi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka dubi inuwarka. Idan inuwarka ta miƙe ta nufi wajen mahaya, rana tana bayanka, tana haska fuskokinsu, launin alkyabba da jalala zai fito sosai. Idan inuwarka tana bayanka, to rana kake fuskanta, kuma mutane za su fito duhu. Da hantsi, lokacin da ake dawowa daga idi, rana tana gabas, sai ka nemi gefen da za ka ba ta baya. Da la'asar sai ka juya lissafin. Na fi son rana ta kasance a bayan kafaɗata ta gefe guda maimakon daidai ƙeyata, saboda hasken da ya zo ta gefe shi ne yake fito da naɗin rawani da aikin zaren da ke wuyan riga.

Tsakar rana ita ce babbar matsala, kuma ta ƙara tsanani a shekarun nan. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana 11 ko kusa da haka, shi ya sa Salla take zagaya damina da ɗari da bazara cikin shekara 33. A 2006 an yi Sallar Layya cikin Janairu, aka sake yin wata a ƙarshen Disamba, duk cikin hunturu, rana a karkace, ƙura a sama tana tausasa haske. A 2025 kuwa Sallar Azumi ta faɗo a ƙarshen Maris, ta Layya a farkon Yuni. A irin wannan lokaci, a ƙasashenmu, rana tana hawa har ta daidaita da tsakiyar kai wajen ƙarfe 12 da rabi, inuwar rawani ta sauka ta rufe idanu, fuska ta koma rami. Idan hawa ya kai wannan sa'a, ka rage ɗaukar fuskoki. Ka ɗauki taron daga nesa, ko ka jira mahayi ya ɗaga kai, ko ka matsa inda hanya ta ratsa inuwar bango ko ta itacen dogon yaro, domin a cikin inuwa fuska takan fito da kyau.

Akwai lokaci ɗaya da fuskantar rana yake biya. Da la'asar sakaliya, idan dawaki suka ta da ƙura, rana kuma tana bayansu, ƙurar takan yi ja kamar garwashi, mahaya su fito baƙi da māsu a sama. Ba za a gane fuskar kowa ba, don haka kada ka yi wa kawunka irin wannan ka ce ka sallame shi. Amma a cikin hotunan da nake ajiye da su, irin waɗannan ne baƙi suka fi tsayawa a kai.

Ga dalilin da ya sa fuskokin hotunana na farko suka yi baƙi, ko da ba tsakar rana ba ce. Kamara ba ta san fari ba, ba ta san baƙi ba. Tana auna hasken da ke gabanta gaba ɗaya ne, ta yi ƙoƙarin mayar da shi tsaka-tsaki. Ranar Salla kuwa ko'ina farar shadda ce da farin rawani da farin yashi. Sai ta ga haske ya yi yawa, ta rage, riga ta koma toka-toka, fuskar da dama ta fi rigar duhu ta ɓace. Maganin yana hannunka. Ka taɓa fuskar mutumin a kan allon waya, za ka ga wani ɗan zane ya fito, a gefensa ko ƙarƙashinsa da alamar rana. Ka ja alamar kaɗan zuwa wajen ƙarin haske har ka ga idanu sun bayyana. Kaɗan na ce, domin idan ka zarce, aikin da ke jikin rigar zai wanke ya zama fari fat, kuma abin da ya wanke ba ya dawowa. A yawancin wayoyi, idan ka danne wurin na daƙiƙa biyu, awon zai kulle, ba zai riƙa canzawa duk lokacin da wani ya gitta ba.

Sai maganar gudu. Doki mai sukuwa yana iya yin kilomita 40 a sa'a, wato kusan mita 11 a daƙiƙa guda. Idan idon kamara ya buɗe na kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, kafin ya rufe dokin ya matsa fiye da santimita 15, hoton ya fito a jagwalgwale. Idan ya buɗe na kashi ɗaya cikin 1000, abin da dokin zai matsa wajen santimita ɗaya ne kawai, sai ka ga har yashin da kofato ya watsa ya tsaya cak a iska. Mai babbar kamara ya sa ta a 1/1000 domin jahi, 1/500 ya isa ga doki mai takawa a hankali. Wayoyi da yawa suna da wani sashe da aka rubuta wa "Pro", a ciki akwai harafin S, nan ne ake zaɓen wannan lamba. Wanda wayarsa ba ta da shi kada ya damu, cikin hasken rana waya da kanta takan zaɓi mai sauri. Sai magariba ta kawo kai ne take fara kasawa, kuma a lokacin babu dabarar da ta wuce a jira doki ya tsaya.

Abu na biyu, waya tana da ɗan jinkiri tsakanin latsawa da ɗauka. Idan ka jira sai doki ya zo daidai inda kake so, wutsiya za ka samu. Ka zaɓi wata alama a hanya, ko dutse ko gindin itace, ka kulle awon a kanta tun kafin su iso, ka fara ɗauka suna saura taku kaɗan. Ka yi amfani da ɗauka a jere: a yawancin wayoyi danne maɓallin ake yi a riƙe, a wasu kuma jan sa ake yi gefe ko ƙasa, sai ta yi ta ɗauka kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Daga cikin 20 za ka sami ɗaya da ƙafafun dokin suka yi kyau. Ba laifin idonka ba ne. Ido ba ya iya bin ƙafar doki mai sukuwa, shi ya sa aka daɗe ana gardama ko akwai lokacin da kofatai huɗu suke barin ƙasa gaba ɗaya. Sai a 1878 wani Bature mai suna Eadweard Muybridge ya jera kamarori 12 a gefen filin sukuwa a Kaliforniya ta Amurka, hotunan suka nuna lalle akwai, kuma yana faruwa ne sa'ad da ƙafafun suka tattaru a ƙarƙashin ciki, ba sa'ad da suka miƙe gaba da baya kamar yadda masu zane suka saba zanawa ba. Abin da ya ci masa kamara 12, yau yana cikin aljihun ɗan makaranta.

A jahi, abin da ya fi komi shi ne ƙarshensa: mahaya sun taho a guje, suka ja linzami gaban sarki, dawaki suka zame, hannuwa suka tashi da jinjina. Wannan ba ya wuce ƙiftawa biyu, kuma kullum a wuri ɗaya yake faruwa. Ka bar layin farko ya wuce ba tare da ka ɗauka ba, ka ga inda suke tsayawa, sa'an nan ka shirya wa na biyu. Ƴan bindiga ma haka. Idan ka jira sai ka ji ƙara, razana za ta girgiza hannunka. Ka lura da lokacin da suka ɗaga bakin bindiga, ka fara ɗauka a jere tun daga nan. Hayaƙin albarushi yakan ɗan tsaya a iska bayan harbi, kuma sau da yawa hoton hayaƙin ya fi na wutar kyau. Ka ba su tazara mai yawa, domin bindigar gargajiya takan fashe a hannun mai ita.

Wanda ya ƙware kaɗan yana iya gwada akasin wannan duka: ya sa 1/30 ko 1/60, ya bi dokin da kamara yana juya ƙugunsa daidai da gudunsa, ya latsa ba tare da ya tsaya ba. Idan an dace, mahayi zai fito sarai, jama'ar da ke bayansa su zama zane-zanen launi, mai kallo ya ji gudun a jikinsa. Goma za su lalace kafin ɗaya ya yi. Kada a gwada shi a kan wanda aka zo dominsa.

Game da wurin tsayawa, kwanar hanya ta fi miƙaƙƙiya, saboda a nan dawaki suke rage tafiya, kuma suna tahowa suna fuskantarka kafin su juya. Ka dubi abin da ke bayan mahayan tun kafin su zo. Bangon fada, ko ƙofar gari, ko hasumiyar masallaci, su ne za su gaya wa jikanka a wane gari aka ɗauki hoton. Turken wutar lantarki da allon talla da motar da aka ajiye kuwa, duk za su shiga, kuma turken zai fito kamar ya tsiro daga kan hakimi. Taku biyu zuwa dama ko hagu yakan kawar da shi. Idan ka sami bene ko soron wani da izininsa, za ka ga tsawon jerin gwanon da yawan jama'a, amma rawuna za ka fi gani ba fuskoki ba. Idan ka durƙusa ka ɗauka daga ƙasa, doki zai yi girma, mahayi ya fito a kan sararin sama ba a kan cunkoso ba. Sai dai kada ka durƙusa a inda ba ka da bango ko itace a kusa.

Nan ne zan ja kunne da ƙarfi. Idon kamarar waya yana nisanta abu. Dokin da kake gani a allo kamar yana can nesa, a zahiri ya kusa taka ka. Dabba ce da ta haura kilo 300, kuma idan tana sukuwa daga nisan mita 20, ba ta cika daƙiƙa biyu za ta iso. Ga ganguna, ga harbi, ga ƙaimi, ko mahayin da ya ƙware wani lokaci linzami yakan ƙwace masa. Kada ka shiga fili don neman kusanci, kada ka ba dawaki baya domin ka ɗauki kanka da su, kada ka tsaya a bayan doki ko da yana tsaye. Inda dogarai suka ce a tsaya, a tsaya. Ka kashe fitilar kamara: haskenta bai wuce taku uku ko huɗu ba, da rana ba ta ƙara komi, da yamma kuma tana iya firgita doki ya yi tutsu da ɗan mutane. Ƙaramin jirgin nan marar matuƙi da ake ɗaukar hoto da shi daga sama, shi ma ƙugin da yake yi yana ta da hankalin dawaki, kuma ba a tashinsa sai da izinin hukuma. Wanda ya zo da yara ƙanana ya zaɓi ɗaya, ko hoto ko yara. Ba a riƙe waya da hannu biyu a riƙe hannun yaro da na uku. Idan ana son duka biyun, a je da wani babba wanda aikinsa yaran ne kaɗai.

Maimakon shiga fili, mutane sukan ja hoton da yatsu biyu don ya matso. A yawancin wayoyi wannan ba matsowa ba ce, yanka tsakiyar hoton kawai ake yi a buɗa shi, shi ya sa yake fitowa dishi-dishi. Idan wayarka tana da ido na biyu mai alamar 2x ko 3x, yi amfani da shi. Idan babu, ɗauki hoton yadda yake, ka yanke gefe a gida cikin natsuwa. Zafi kuma yana kashe waya: idan ta daɗe a rana tana ɗaukar bidiyo za ta yi zafi ta rufe kamara da kanta, don haka tsakanin tawaga da tawaga a mayar da ita inuwa. Mai kamarar da ake canza wa ido kada ya buɗe ta cikin ƙurar fili.

Wani abin da na lura da shi bayan shekaru shi ne, hotunan da iyali suka fi so ba a filin hawa ake samunsu ba. A gida ake samunsu, da sassafe, lokacin da ake ɗaura sirdi, ana naɗa wa yaro rawaninsa na farko yana ɓata fuska, kaka tana tsaye a bakin zaure tana yi masa addu'a. A nan babu ƙura, babu turereniya, kana iya cewa a ɗan juyo. Da na yi wa kawu haka a ƙofar gidansa kafin ya hau, da ban ba ku wancan labari ba. A fili kuma kada ido ya tsaya ga manya kaɗai. Akwai zagin da ya riƙe ragama tun safe a ƙasa, da mai algaita kumatu a kumbure, da hannun tsohon da ke dukan tambari, da ƙafa cikin likkafa, da yaron da aka ɗora a wuya ya buɗe baki. Bayan shekara 30, waɗannan ne za su nuna yadda ake yi a zamaninmu.

Sai ladabi, wanda bai kamata a tunatar da gidan Musulmi ba, amma waya ta sa mun fara mantuwa. A filin idi, waya ta zauna aljihu har a sallame a gama huɗuba. Mahayi ya fito ne don a gan shi, ɗaukarsa ba laifi. Ƴan kallo kuwa ba su fito don kai ba. Matan mutane da ƴan matan da suka yi kwalliyar Salla, ba a ɗaukarsu a sace, ba a kuma watsa hotonsu a WhatsApp ko Facebook ba da saninsu ba. An sha ganin hoto ɗaya ya jawo rigima tsakanin gidaje biyu, kuma abin da ya fita daga wayarka ba ka da ikon kiransa ya dawo. Akwai kuma bayin Allah da ba sa son a ɗauke su sam, saboda fahimtarsu ta addini. Idan mutum ya kau da kai ko ya ɗaga hannu, a sauke waya, ba sai an tsaya muhawara ba. Wanda doki ya kayar, rawani ya warware, ko ya ji rauni, taimako yake bukata. Ɗan wani ne, mijin wata ne, kuma gobe zai shiga kasuwa.

Faretin hukuma yana da nasa hukunci. A shekarun da aka riƙa zagayawa da bikin 18 ga Disamba, ranar da aka kafa Jamhuriyar Nijar a 1958, Maraɗi ta karɓa a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, Damagaram a 2018, jama'a da yawa sun ga faretin soja a ƙofar gidansu. A irin wannan taro, ko a Nijar ko a maƙwabta, kada ka ɗaga waya ga soja ko jandarma ko motocinsu sai ka ga an yarda, kuma idan aka ce ka sauke, ka sauke. Ana iya karɓe wayar, ana iya wucewa da kai. Idan ƴan makaranta ne suke maci, ɗanka yana ciki, ka tsaya ta kusurwa yadda layin zai taho a karkace, ka saurari ganga, ka latsa daidai bugun da ƙafa take sauka. A nan ne ƙafafu suke buɗe baki ɗaya, hannuwa a sama, layi ya yi kyau.

Bayan Salla da kwana biyu, kafin abin ya huce, ka zauna ka tace. Daga cikin 300 ka fitar da 10, ka share masu maimaita juna. Idan za ka aika wa ƴan uwa na nesa, ka sani WhatsApp yana rage ingancin hoto idan an tura shi ta hanyar da aka saba. Wanda ake so a wanke, a tura shi ta wurin da aka rubuta "Document", zai isa yadda yake. Kuma lalle a wanke. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, katin ajiya yana mutuwa ba sallama. Hoto mai santimita 10 da 15 ba ya bukatar fiye da megafiksel 2, wato kowace salula ta yau ta isa. A bayan kowane ɗaya a rubuta da fensir, don tawadar biro takan huda ta ɓata gaba: sunan mahayi, da tawagar da ya bi, da gari, da wace Salla ce, da shekara ta Hijira da ta Miladiyya. A sa su cikin ambulan, a ajiye a akwatin da ake ajiye takardun haihuwa, nesa da laima da gara.